Ina Son Barin Asibiti In Koma Ceton Rai A Waje, Hajiya Ta Ce Ba Da Yawunta Ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni likita ne, shekarata 35, haifaffen Makka, amma fasfona na Najeriya ne, da igama, wato takardar izinin zama, nake zaune kamar da yawa daga cikinmu. A Sudan na yi karatun likita, yanzu shekara shida ke nan ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Na gaji, Yaya. Zaman jiran ne ya ishe ni: mutum ya faɗi a gida ko a titi, sai an gama kiraye-kiraye da neman mota sannan a kawo mana shi, sau da yawa lokaci ya riga ya ƙure. Bara wani dattijo maƙwabcin mahaifiyata ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba. Aka kewaye shi ana yayyafa masa ruwa ana salati, ba wanda ya san ya danna masa ƙirji, ba kuma wanda ya kira is'af, wato motar agajin gaggawa, don wasu a wurin takardunsu ba su cika ba. Tun daga ranar zuciyata ta fita daga asibiti.

Wani abokina ɗan ƙasa, ma'aikacin is'af ne, ya kawo shawara mu sayi motoci biyu mu buɗe kamfani, mu riƙa karɓar kwangilar kula da lafiya a wuraren taro da wasanni, da kamfanonin gine-gine a sahara, da tantunan alhazai. Ni zan zuba abin da na tara kuma in zama likitan kamfanin, rajista kuma da sunansa. Saura wata bakwai kwantiragina ya ƙare, amma ji nake kamar in ajiye aikin gobe. Matata na da ciki wata biyar, ga yara biyu. Ba ta hana ni ba, ta dai yi shiru. Hajiya kuwa ta ce ba da yawunta ba, wai ba ta sha wahalar karatuna don in koma yaron mota ba. Me zan yi?

Ƙaninka, Likita daga Jidda

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya sa ya huta. Tambayoyi biyu ka haɗa mini wuri ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ko ceton rai a wajen asibiti aiki ne da likita zai gina rayuwarsa a kai? Ƙwarai kuwa. Ko wannan kamfani, da kuɗinka da sunan wani, shi ne ƙofar shiga? A'a, ƙanena, kuma ina roƙonka kada ka tura ko riyal ɗaya kafin ka gama karanta wannan.

Abin da ke cin ranka gaskiya ne, ka ma fi ni saninsa. Idan zuciya ta tsaya, kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, saboda haka wanda aka kawo maka bayan minti ashirin a bayan motar maƙwabci, hukuncinsa tun a tsakar gida aka yanke. Wasu ƙasashe tuni suka gina tsarinsu a kan wannan. A Faransa akwai SAMU, inda likita ke zaune a ɗakin karɓar kira, wani kuma ya fita da mota zuwa inda majinyaci yake, haka ma a Jamus likitan gaggawa kan je wurin da abin ya faru. Nan Saudiyya tsarin ya fi karkata ga ƙwararrun ma'aikatan is'af na Hilal Ahmar, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, su daidaita mutum su garzaya da shi asibiti. Amma ƙasar da ke karɓar aikin Hajji ba ta rabuwa da buƙatar likita a fili. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari nasu marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Wanda zafi ya buga har hankalinsa ya gushe, a sanyaya shi a wurin da ƙanƙara da ruwa kafin a ɗauke shi, wannan ne ke raba rai da ajali. Ga tseren motoci na Dakar da ake yi a nan tun 2020, ga na Formula 1 a Jidda tun 2021, ga baje kolin duniya na 2030 a Riyad da gasar cin kofin duniya ta 2034 suna tafe. Aikin yana nan, zai ma ƙaru. Ba mafarki kake yi ba.

Sai dai tsarin da abokinka ya kawo yana da suna a dokar ƙasar nan, kuma ka san sunan: tasattur. Baƙo ya zuba kuɗi ya juya kasuwanci a ɓoye da rajistar ɗan ƙasa. Hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, a ƙwace abin da aka samu, baƙon kuma a fitar da shi daga ƙasar a hana shi dawowa. Ka tsaya kan wannan na ƙarshen. Ga wanda ya zo ci-rani shekara uku da suka wuce, kora komawa gida ce. Kai fa? A Makka aka yanke cibiyarka, Hajiya tana can, 'yan'uwanka suna can. Ina za a mayar da kai? Na san za ka ce mutane da yawa suna yi kuma ba abin da ya same su, daga masu shagon kayan miya har masu gareji. Haka ne. Amma mai shago ba ya sa wa kowa bututun numfashi. Ranar da majinyaci ya rasu a motarku, ko da ba laifinku, bincike zai zo, kuma mai bincike zai bi takardu ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga asusun da kuɗin motocin ya fito.

Ban ce abokinka mugu ne ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya zo maka, kuma wanda ya yi shekaru a motar is'af ya san abubuwan da kai ba ka sani ba tukuna. Matsalar ita ce ko da shi waliyyi ne, takarda ba ta san da amanar da ke tsakaninku ba. Idan Allah ya yi masa rasuwa, motocin nan biyu dukiyar magadansa ne. Idan bashi ya hau kansa, a kansu za a fara. Idan kun ɓata, ba ka da kotun da za ka je, don kai ƙara a kan wannan kai kanka ka kai. Hanyar da baƙo ke mallakar kamfani a fili tana nan, ta Ma'aikatar Zuba Jari, sannan lasisin Ma'aikatar Lafiya ya biyo baya. Tana da tsada da ɗawainiya, kuma sai da lauyan da ya san harkar cibiyoyin lafiya. Idan har kuna da gaske, kuɗin zama ɗaya da irin wannan lauya shi ne kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihunka.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin burin cin gashin kai da ya kamata ka duba da idon basira. A wasu ƙasashe likita kan ɗauki jakarsa ya yi wa wannan taro aiki yau, gobe ya yi wa wancan kamfani, ba ubangida. Mai igama a nan ba shi da wannan. Rajistarka da Hukumar Ƙwarewar Ma'aikatan Lafiya taka ce, amma izinin yin aikin a ɗaure yake da cibiyar da aka yi maka shi da sunanta, igamarka kuma a ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki. Inshorar kuskuren aiki, wadda wajibi ce a kan kowane likita, ba za ta tsaya maka ba idan a wurin da ba ka da izini abin ya faru. Magungunan da aikin titi ba ya yiwuwa sai da su, irin su mofin da ketamin da midazolam, ba a ajiye su sai ƙarƙashin cibiya mai lasisi, da kundi da makulli da wanda zai amsa tambaya a kan kowace allura. To ka ga abin da za ka iya samu a yanzu shi ne fita daga bangon asibiti, alhali kana ƙarƙashin wata cibiya mai lasisi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi nake so ka nema.

Batun ajiye aiki gobe kuwa, lissafi kawai zan yi maka. Dokar ƙwadago ta ba ka kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Idan ka kai ƙarshen kwantiraginka, kana da kusan albashin wata huɗu. Idan ka yi murabus tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku za ka samu, kuma mai katse kwantiragi mai wa'adi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba ana iya bin sa diyyar watannin da suka rage. Ga kuɗin iyali da gwamnati ke karɓa daga baƙi, riyal 400 a wata a kan kowane mutum: yanzu 1,200 kake biya, in ta sauka lafiya ya koma 1,600, kuma wannan ba ya jiran kwangila ta shigo. Uwa uba inshorar lafiyar matarka ta wurin aikinka take zuwa, ga haihuwa saura wata huɗu. Sakin reshe kama ganye ke nan. Ka cika wata bakwai ɗinka, ka duba kwantiragin ka ga kwana nawa ne wa'adin sanar da rashin sabuntawa, kada ya sabunta kansa kana barci. Tun gyaran da aka yi a watan Maris na 2021 ana canja wurin aiki ta Qiwa, dandalin intanet na gwamnati kan harkar ƙwadago, kuma wanda kwantiraginsa ya ƙare ba ya buƙatar amincewar tsohon ubangida.

Waɗannan watanni ba na zaman jira ba ne, don akwai abin da shekara shida a sashen gaggawa ba ta koya maka ba. A asibiti idan bututu ya ƙi shiga, likitan sa barci yana hawa na biyu, ga fitila, ga gado da ke ɗagawa daidai ƙugunka, ga nas uku kowacce ta san abin da za ta miƙo. A gefen titin Makka zuwa Jidda da azahar, a durƙushe kake, hasken rana ya hana ka ganin allon na'ura, kwalta na ƙona bayan majinyacin idan ba ka shimfiɗa masa wani abu ba, 'yan'uwansa na ihu a kanka, mai taimaka maka mutum ɗaya ne. Ƙaramar tukunyar oksijin idan ka buɗe ta lita 15 a minti ba ta kai ka rabin awa, saboda haka tun kafin ka taɓa majinyaci ka san nisan asibiti da yawan iskar da ke motar. Maganin da ke son sanyi kuma, motar da ta wuni a rana ta gama da shi. A nan ma'aikacin is'af malaminka ne, kuma likitocin da suka fi shan wahala a fili su ne waɗanda suka zo da girman kai. Babban abin da ake koya shi ne sanin lokacin da za ka tsaya ka yi aiki a wurin da lokacin da za ka ɗauka ka gudu. Mai zubar jini a ciki ba abin da za ka yi masa a titi da ya kai isar da shi ɗakin tiyata.

Don haka ka sabunta takardun horonka na ACLS (ceton wanda zuciyarsa ta tsaya) da ATLS (kula da mai munanan raunuka) idan sun kusa ƙarewa, ka ƙara da PHTLS, wanda shi ne na raunuka kafin asibiti. Ba ka faɗa mini matsayinka a rajistar hukuma ba. Idan har yanzu likita na gama-gari ne kai, wannan ya fi mota biyu muhimmanci, don mai takardar ƙwarewa ne ake ba shugabancin tawaga da sa hannu a ƙa'idojin aiki, wanda ba shi da ita kuwa cike gurbi yake yi ko da ya fi kowa iyawa. Likitocin gaggawa da yawa a ƙasashen nan suna bin jarrabawar MRCEM ta Kwalejin Likitocin Gaggawa ta Birtaniya, akwai kuma diflomar kula da majinyaci kafin asibiti da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Edinbara ke bayarwa. Kafin ka biya kuɗin kowace, ka tambayi hukumar a rubuce wane matsayi za ta ba ka da ita. Sannan ka ɗanɗana aikin tun kana da albashi. Je wurin shugaban sashenku ka ce duk lokacin da asibiti ya samu kwangilar taro ko jigilar majinyaci mai tsanani zuwa wani asibiti, a sa sunanka. Lokacin Hajji ka nemi aikin wucin gadi ta Ajeer, dandalin gwamnati na ba da izinin irin wannan aiki, da yardar asibitinku, ko aikin sa kai ta hanyar da hukuma ta buɗe. Kada ka raina abin da ke bakinka: likitan da zai tambayi tsohuwa daga Zamfara ko Maraɗi da Hausa wane magani take sha, ya juya ya faɗa wa asibiti da Larabci, ya rubuta rahoto da Turanci, ba a tsintar sa a ko'ina. Bayan ka yi wannan, sai ka nemi aiki a kamfanin da ya riga ya samu lasisin is'af ko na asibitocin wuraren aiki, ka yi shekara biyu kana kallon yadda ake neman kwangila, nawa mota ke ci, wata nawa ake bin kamfani bashi kafin ya biya. In ka ga har yanzu kana so, lokacin ne maganar mallaka za ta yi ma'ana.

Zan gaya maka wani abu da wataƙila ba zai yi maka daɗi ba. Aikin kamfanin sahara yawancinsa ciwon baya ne da ciwon haƙori da masu neman takardar hutu, sai can ba a rasa ba wani ya faɗo daga bene. Aikin taro kuma tsayuwa ce ta awa goma sha biyu kana ba da maganin ciwon kai. Wanda ya gudu daga zaman jira a asibiti zai tarar da wani jiran a can, mai tsawo ma. Kuma ko kamfaninku ya yi motoci ashirin, ba ɗaya da za ta je wa dattijon nan, domin motar kwangila tana inda aka biya ta ne. Abin da ya kashe maƙwabcin Hajiya, bayan ajali, rashin mutum ɗaya ne a cikin masu salati da ya san ya durƙusa ya danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ya kuma ce wa wani ya kira lambar gaggawa, 997 ko 911. Wannan ba ya buƙatar mota ko jari. Ka zama mai horarwa da takarda ta Ƙungiyar Zuciya ta Saudiyya, ka nemi wata ƙungiyar agaji mai rajista a unguwar ta tsaya muku, ka koyar da Hausa: matasan majalisa, ladanai, direbobi, a samu mace ma'aikaciyar lafiya ta koya wa mata, tunda a cikin gida tsofaffi suka fi faɗuwa kuma mata ne a kansu. A sa wa mutane manhajar As'ifni ta Hilal Ahmar a waya, don lungunan kan duwatsun Makka ba su kwatantuwa da baki. Tsoron takardu gaskiya ne, kada ka yi musu wa'azi a kai. Ka ce musu kawai a kowane taro akwai mai cikakkiyar takarda da waya a hannu, shi ya kira, wani yaro kuma ya sauka bakin titi ya tari motar. Ina ganin a nan ne ciwon da ke ranka zai samu magani, ko ka canja aiki ko ba ka canja ba.

Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah, nawa ne daga cikin wannan ƙuna kira ne, nawa ne gajiyar kwanan dare shekara shida. Ka ɗauki hutunka, ka yi barci, ka ga abin da ya rage. Idan hoton dattijon nan na hana ka barci har yanzu, ka samu abokin aiki da ka yarda da shi ko likitan ƙwaƙwalwa ka yi magana, ba abin kunya ba ne.

Matarka fa, kada ka ɗauki shirunta a matsayin izini. Mace mai ciki wata biyar da ta ji mijinta zai kwashe ajiyar gida ya sayi motoci da sunan wani, ta yi shiru, tsoro ne ko kawaici. Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka nuna mata lissafin da alƙalami, ka fara da cewa ba abin da zai motsa sai ta haihu ta yi arba'in. Ka gaya mata gaskiya cewa wasu ayyukan sahara makonni ake yi ba a gida, ka ji ko za ta iya da yara uku, ko kuwa sai an tsaya ga abin da ke cikin Jidda da Makka. Tana da haƙƙin cewa a'a ga wannan ɓangaren.

Hajiya kuma, ka bar maganar yaron mota ta wuce, ba ita ce ainihin zancen ba. Matar da ta ga yadda mutanenmu suka yi shekaru a ƙasar nan suna ƙananan ayyuka, ta samu ɗa da ake kira Dakta a asibiti, dole ta ji tsoron duk abin da ya yi kama da komawa baya. Kuma a kan kamfanin nan ta fi ka gaskiya, ko da dalilinta daban ne. Ka je Makka da kanka, kada ka yi ta waya. Ka fara da abin da zai kwantar mata da hankali: ba za ka ajiye aiki ba, ba za ka ba kowa kuɗinka ba. Sannan ka ce mata kana son ƙarin karatu a fannin ceton waɗanda suka faɗi kafin a kai su asibiti, irin likitocin da ke tsayawa alhazai a Mina da Arfa, ka nemi albarkarta a kan wannan. Idan akwai kawu ko malamin da take jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa. Karatun farko na danna ƙirji kuma, in ta yarda, a yi wa matan unguwa shi a falonta.

Abokinka ka gaya masa a wannan makon, kada ya ci gaba da neman motoci da sunan kun gama magana. Ka ce masa kana son aikin, amma ba za ka shiga ba sai da sunanka a takarda, kuma kana gayyatarsa ku je wurin lauya tare. Yadda ya karɓi wannan zai nuna maka irin abokin kasuwancin da zai zama. Allah ya sauki iyali lafiya, ka rubuto mini bayan suna in ji inda aka kwana.